Ina iyakar sadaukar da kai? Amsa ga wata malamar jinya

Wata malamar jinya da ke aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye ta aiko mini da tambaya. Ga ta a taƙaice: "Baba, tun ina makarantar Lahadi nake jin cewa tausayi da sadaukar da kai su ne zuciyar bangaskiyarmu. Yau wata biyar ke nan ba mu ga albashi ba, in mun yi magana sai a ce aikin Ubangiji ne, mu sadaukar. Yayata kuma mijinta na dukanta, an ce ta ɗauki gicciyenta. Shin wannan ne Yesu ya koyar? In shi ne, me ya sa kullum marasa ƙarfi ne ke sadaukarwa?"

'Yata, na gode da ba ki haɗiye wannan tambaya ba. Na yi shekaru ina koya wa masu shirin zama fastoci Sabon Alkawari, kuma abin da nake gaya musu shi zan gaya miki. Gaskiya ne, tausayi da sadaukarwa suna tsakiyar bangaskiyarmu, duk wanda ya zare su babu abin da ya rage masa sai gini da kayan kiɗa. Amma akwai na gaba, akwai na baya. Tausayi ne ke gaba. Sadaukarwa kuwa ita ce kuɗin da tausayi ke biya idan ya ga hanya ta yi wuya ya ƙi juyawa. Duk wanda ya raba su, ya ɗauki sadaukarwa ita kaɗai ya ɗora a wuyan wani, to abin da ke hannunsa ya tashi daga bishara ya koma bulala. Ki yi haƙuri da ni, zan ɗan yi nisa kafin in dawo kan albashinki da yayarki.

Da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari, kuma kalmar da aka fassara mana da "ya ji tausayi" ta fito ne daga splankna, wato kayan ciki, hanji da hanta da sauransu. Mu a Hausa in an ce hantar mutum ta kaɗa, tsoro ne ya kama shi. Su kuwa in sun ce cikin mutum ya motsa, tausayi suke nufi, irin wanda ke hana mutum zama. Sau 12 wannan kalma ta zo a Matiyu da Markus da Luka. Sau takwas a kan Yesu kansa, sau uku a cikin misalansa, sau ɗaya kuma a bakin wani uba da ke roƙo saboda ɗansa mai faɗuwa. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki ga abin da ke biyo baya. Ya ga taro kamar tumakin da ba makiyayi, sai ya zauna ya koya musu. Ya ga sun kwana uku tare da shi ba abinci, sai ya ciyar da su. Ya tarar da gwauruwa a ƙofar garin Nayin tana bin makarar ɗanta tilo, sai ya taɓa makarar. Babu inda tausayinsa ya tsaya a "Allah sarki" da girgiza kai.

Tsohon Alkawari ma haka yake. Kalmar Ibrananci ta jinƙai, rahamim, daga rehem ta fito, wato mahaifar mace. Tushensu ɗaya da "rahama" da muka aro daga Larabci. Da Allah ya bayyana wa Musa sunansa a Fitowa 34:6, jinƙai ya fara ambata. A Ishaya 49:15 kuma ya yi tambaya ko mace za ta manta da jaririn da take shayarwa, ya ce ko da ita ta manta, shi ba zai manta ba. Ke da kike karɓar haihuwa kin fi ni sanin abin da ake nufi. Uwar da ta kwana a zaune da yaro mai zazzaɓi ba ta lissafin cewa sadaukarwa take yi. Ɗanta take kallo, barcin da ta rasa kuma sai daga baya take jin sa a jiki.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na kuturu a ƙarshen babi na 1 na Markus. A dokar Littafin Firistoci 13:45-46, mai irin wannan cuta zai yage tufafinsa, ya zauna bayan zango shi kaɗai, in ya hango mutane ya yi shelar cewa shi marar tsarki ne. Yesu yana iya warkarwa daga nesa, ya yi haka ga bawan wani jarumin soja. Amma wannan karon sai ya miƙa hannu ya taɓa shi. Ki kuma duba aya ta 45. Mutumin ya shiga gari yana baza labari, har ta kai Yesu ba ya iya shiga gari a fili, sai ya koma zama a wuraren da ba kowa. Kuturu ya dawo cikin jama'a, wanda ya taɓa shi ya koma bayan gari. Markus bai yi sharhi ba, amma duk Linjila tana cikin wannan musayar wuri.

Na ga wannan da idona. Kawuna ya yi shekaru a wani asibitin kutare na mishan, ina yaro nakan bi mahaifiyata mu kai masa dawa da kuka da daddawa. A gida tun kafin a kai shi an ware masa kwanonsa da moɗarsa, ba mai taɓa su. A asibitin akwai wani diresa, wato mai wanke ciwo da ɗaure shi, ɗan ƙasa kamarmu. Yakan zauna a 'yar kujera, ya jiƙa ƙafar kawu a daron ruwan ɗumi, sannan ya ɗora ta a cinyarsa bisa farin ƙyalle, ya bi gefen gyambon yana kankare matacciyar fata a hankali, ya sa magani ya naɗe. Warin yana da ƙarfi. Mahaifiyata, wadda suke ciki ɗaya da kawu, takan kau da kai ta rufe hanci da bakin mayafi, kuma ban taɓa ganin laifinta ba. Shi kuwa diresan hira yake da kawu a kan farashin gyaɗa da ruwan bana. Wata rana da ya gama ya wanke hannu, sai ya ɗauki ƙwaryar furar da muka dama wa kawu ya kurɓa, ya miƙa masa. Kawu ya riƙe ƙwaryar da dungulmin hannuwansa biyu ya daɗe bai sha ba. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ladan wannan bawan Allah bai taka kara ya karya ba, kuma babu wata doka ta asibiti da ta ce ya sha furar nan.

Irin waɗannan wurare sun yi yawa a ƙasarmu: Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, Bayara a Bauchi, Molai a Maiduguri, Garkida a Adamawa, da Danja kusa da Maraɗi a Nijar. Zan faɗi gaskiya, ko a can ko a yau, akwai lokacin da ake mai da taimako tarko, a ba mutum magani da hannun dama ana jiran ya biya da addininsa. Wannan ciniki ne. Yesu ya warkar da kutare goma a Luka 17, ɗaya kaɗai ya dawo godiya, bai kuwa janye lafiyar sauran taran ba.

Wanda ya dawo ɗin nan Basamariye ne, abin da ya kawo mu ga misalin da kowa ya haddace amma kaɗan ke jin zafinsa, wato wanda Yesu ya bayar a Luka 10 na mutumin da 'yan fashi suka sara suka bari kwance a hanya, wani Basamariye ya taimake shi. Hanyar Urushalima zuwa Yariko wajen kilomita 27 ce, gangara mai duwatsu da lunguna, kuma an san ta da 'yan fashi. Firist da Balawe, masu hidima a Haikali, da suka gan shi suka wuce suna da hujja: wataƙila mutumin ya riga ya mutu, taɓa gawa kuwa na ƙazantar da mai hidima, wataƙila kuma 'yan fashin na nan laɓe. Ke ma kin san yadda direba ke ƙara wuta in ya ga mutum kwance a hanyar daji. Basamariyen ya tsaya. Ki lissafa abin da tsayawar ta ci masa: mansa da ruwan inabinsa, dabbarsa da ya sauka ya ɗora baƙo a kai shi ya taka da ƙafa, kwana guda na tafiyarsa, dinari biyu wato ladan ƙwadagon kwana biyu, da alkawarin biyan duk abin da ya ƙaru. Bai fita gida da niyyar yin asara ba. Ya gani ne, cikinsa ya motsa, asarar ta biyo baya.

Abin da ya ƙona ran masu sauraro shi ne wanda aka ba matsayin gwarzo. Yahudawa da Samariyawa ba sa ga maciji, kowane na ganin ɗan'uwansa ɓatacce a addini. Wani masanin Attaura ne ya tambayi Yesu wane ne maƙwabcinsa don ya san inda zai ja layi, Yesu ya ba shi wannan misali, sannan ya juya tambayar ya ce wa ya zama maƙwabci ga wanda aka sara. Mutumin ya kasa furta kalmar Basamariye, sai ya ce wanda ya nuna masa jinƙai. A watan Yuni na 2018, lokacin da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, dattijo mai shekara sama da 80, ya ɓoye mutum fiye da 200, akasarinsu Kirista, a masallaci da cikin gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi ba da su. Da na ji labarin nan na ce wa ɗalibaina su rufe littattafan sharhi, ga Luka 10 nan an karanta mana da babbar murya. Ubangijinmu da kansa ya koya mana cewa za mu iya ganin jinƙai a hannun wanda ba ya sujada tare da mu, kuma abin da ya ce shi ne mu je mu yi haka.

Yanzu gicciye. Na san 'yan'uwanmu Musulmi da za su karanta wannan ba su yarda an gicciye Almasihu ba, wannan sanannen bambanci ne tsakaninmu, ina faɗin abin da mu muka gaskata ne cikin girmamawa. A daular Roma gicciye hukuncin bayi ne da 'yan tawaye, an tsara shi don wulaƙanci a bainar jama'a. Babu mai hankali a zamanin Bilatus, gwamnan Roma da ya yanke wa Yesu hukunci, da zai zaɓe shi ya zama tutar addini. Abin da ya sa ya zama tamu shi ne wanda ke kansa da dalilin hawansa. Mutane a ko'ina sun saba kai hadaya don su sami shiga wurin abin bautarsu. Bishara ta ce Allah ne ya sauko, shi ya kawo hadayar, kuma kansa ya bayar. Manzo Bulus a Romawa 5 ya ce da ƙyar wani zai mutu saboda mai adalci, amma Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi. A Filibiyawa 2 ya bi matakan saukar ɗaya bayan ɗaya: daga daidaita da Allah, zuwa siffar bawa, zuwa mutuwa, har mutuwar gicciye. A daren da aka bashe shi ya tuɓe riga ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da ake bar wa bawa mafi ƙanƙanta a gida, kuma ƙafafun Yahuza, wanda ya bashe shi, na cikin waɗanda ya wanke.

Ki riƙe abu uku a nan, don su ne ma'aunin da za ki auna duk wanda ya ce miki ki sadaukar. Daga sama abin ya gangaro ƙasa, mai iko ne ya sunkuya wa marar iko. Da yardar ransa ya yi, domin a Yahaya 10:18 ya ce ba mai karɓe ransa daga gare shi, shi ne ke ba da shi. Kuma saboda wani ya yi, don wani ya rayu. Yesu bai ƙaunaci azaba ba. A Getsamani ya roƙa sau uku a ɗauke masa ƙoƙon in mai yiwuwa ne. Shi ya sa Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 13:3 ko da mutum ya rabar da duk abin da ya mallaka, ya ba da jikinsa ma, in babu ƙauna bai ƙaru da kome ba. Wahala a kan kanta ba ta da lada. Sau biyu a Matiyu Yesu ya jawo wa Farisiyawa maganar annabi Yusha'u cewa Allah jinƙai yake so fiye da hadaya. Kuma ba ma sadaukarwa don mu sayi ceto, an riga an biya. Muna ƙauna ne domin shi ya fara ƙaunarmu, kamar yadda 1 Yahaya 4:19 ta ce.

Ikkilisiyar farko ta ɗauki wannan da gaske, har maƙiyanta suka shaida. A shekara ta 251 Bishop Korneliyus ya rubuta cewa ikkilisiyar Roma na ɗaukar nauyin gwauraye da mabukata sama da 1,500, alhali addinin haramtacce ne a lokacin. A waɗannan shekarun wata annoba ta mamaye daular. Bishop Diyonisiyus na Iskandariya ta Masar ya ba da labarin yadda mutane ke tura majinyatansu kan titi tun da sauran numfashi, Kirista da yawa kuwa suka tsaya suna jinya, suna wanke gawa suna binnewa, har da dama suka kwashi cutar suka bi su. A Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, Bishop Sifiriyan ya tara jama'arsa ya ce kada su tsaya ga nasu kaɗai, su kula har da waɗanda suka tsananta musu. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a 362, Sarkin Roma Yuliyan wanda ya bar Kiristanci yana ƙoƙarin farfaɗo da bautar gumaka ya rubuta wa babban firist na Galatiya yana ƙorafi cewa Galilawan nan, haka yake kiran Kirista, suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka. Ya ba da umarni a gina masaukan baƙi don a yi gasa da su. Ba da jimawa ba Bishop Basil na Kaisariya, bayan yunwar da aka yi wajen 369, ya gina wata unguwa guda a bayan gari mai ɗakunan marasa lafiya da baƙi da kutare, wadda masana tarihi ke lissafawa cikin asibitocin farko. Aikin da kike yi da sirinji da auduga yana da dogon asali.

A zamaninmu akwai Fada Maximilian Kolbe, ɗan ƙasar Poland. A ƙarshen Yuli 1941 wani fursuna ya ɓace daga Auschwitz, sansanin da Jamus ke tsare mutane a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai sojojin Jamus suka zaɓi mutum goma da za a kashe da yunwa. Ɗaya daga cikinsu, Franciszek Gajowniczek, ya yi kuka yana ambaton matarsa da 'ya'yansa. Kolbe ya fito daga layi ya ce a ɗauke shi a madadinsa. Bayan mako biyu a ɗakin yunwa yana nan da rai, aka ƙarasa shi da allura ranar 14 ga Agusta. Mutumin da ya fansa ya rayu har 1995. Ki lura, ba wanda ya nuna Kolbe da yatsa ya ce kai Fada ne, kai ya kamata ka mutu. Kuka ya ji, ya fito da ƙafarsa.

Ga kuma wanda ya shafi aikinki kai tsaye. A watan Janairu 1969 wata malamar jinya mai suna Laura Wine ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san shi ba a asibitin mishan na garin Lassa, a jihar Borno ta yanzu. Aka kai ta Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ta kamu, ita ma ta rasu. Penny Pinneo da ta yi jinyar su biyun ta kamu, aka kai ta Amurka, ta rayu. Shekara ta zagayo cutar ta sake ɓarkewa a Jos, Dakta Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa don a gane abin da ke kashe mutane, ta rasu a Fabrairu 1970. Har yau zazzaɓin Lassa na ɗaukar likitoci da malaman jinya 'yan ƙasarmu. Ina girmama matan nan ƙwarai. Amma abin da aka koya daga mutuwarsu shi ne a sa safar hannu, a rufe baki da hanci, a keɓe majinyaci. Wanda ya tura ki ɗakin mai Lassa ba kayan kariya ya ce ki dogara ga Allah, maganar da Shaiɗan ya yi wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali yake maimaitawa, ya ce ya yi tsalle mala'iku za su tare shi. Amsar Yesu ita ce kada a gwada Ubangiji.

Ikkilisiyar farko ma ba ta yaba wa masu neman mutuwa da gangan ba. Yesu ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. Shi kansa ya ratsa ta tsakiyar masu son jefa shi daga dutse a Nazarat ya yi tafiyarsa. Sifiriyan ɗin nan ya ɓuya a lokacin tsanani na 250 yana tafiyar da ikkilisiya ta wasiƙa, ya dawo ya yi aikin annoba, sai a 258 da lokacinsa ya yi aka fille masa kai. Bulus da aka ɗaure za a yi masa bulala ya tambayi jarumin ko doka ta yarda a doki ɗan ƙasar Roma irinsa ba shari'a. A Filibi ya ƙi fita kurkuku a ɓoye sai da mahukunta suka zo da kansu suka ba da haƙuri. Yesu ma da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, a Yahaya 18:23, ya ce in ya faɗi mugun abu a nuna, in kuwa daidai ya faɗa don me aka mare shi. Mai ba da ransa ne ya yi wannan tambaya.

To, albashinki. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ce a biya ma'aikaci matalauci ladansa kafin rana ta faɗi, don a kansa ya dogara. Yakubu 5:4 ta ce ladan da aka danne wa masu girbi yana kuka, kukan kuwa ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. 1 Timoti 5:18 ta ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. Abin da mutum ya bayar da hannunsa shi ne baiko. Abin da aka riƙe masa ba da yardarsa ba bashi ne, ko da an shafa masa sunan Ubangiji. Mai yiwuwa da gaske asusun asibitin ya bushe, na san ƙananan asibitoci da yawa na fama, majinyata ba sa iya biya. In haka ne, hanyar Almasihu ita ce manya su buɗe littafin kuɗi a gaban kowa, su fara yanke nasu, sannan su roƙe ku, ba su umarce ku ba. In kuwa na sama na karɓar nasu cif cif ana ce muku ku yi haƙuri, wannan shi ne kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ezekiyel 34 ta yi magana a kan makiyayan da ke cin kitse suna sa ulu ba sa kiwon tumaki, Yesu kuma a Matiyu 23:4 ya yi magana a kan masu ɗaura wa mutane kaya masu nauyi su kuwa ko da yatsa ba sa taɓawa. Bulus da yake tara gudummawa saboda matalautan Urushalima ya ce wa Korintiyawa ba nufinsa wasu su huta su kuma su sha wuya ba, daidaito yake nema. Yana nan a 2 Korintiyawa 8:13.

Maganar yayarki ta fi yi mini ciwo, domin na san fastoci da dattawa, har da waɗanda suka zauna a ajina, da ke faɗin irin wannan. A Afisawa 5:25 wanda aka ce ya ba da ransa miji ne. An ce ya ƙaunaci matarsa yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya ya ba da kansa dominta. Yadda aka yi aya ta juye har wadda ake duka ce ake wa wa'azin gicciye, mai dukan kuma yana zaune a layin gaba ranar Lahadi, abin kunya ne a gare mu. Ki auna da ma'aunin nan uku. Ba mai ƙarfi ne ya sunkuya ba. Ba da yardarta ba ne. Kuma ba wanda ke rayuwa saboda dukan da take sha: ita tana lalacewa, yara na koyon mugun abu, shi kuma yana ƙara nutsewa cikin zunubinsa ba mai tsawata masa. Tausayin mijin ma ya wajabta a tsayar da shi. Gafara tana nan, kuma ina fata wata rana ta iya yafe masa, amma yafewa ba ta hana mace kwana a inda ba za a karya mata haƙarƙari ba. A wannan labari yayarki ce mutumin da ke kwance a hanyar Yariko. Waɗanda ake jira su sadaukar su ne ke da ni da dattawan ikkilisiya: ɗakin da za a ba ta, kuɗin asibiti, da baƙin jinin da za mu yi wurin dangin miji.

Kada kuma wannan ya sa zuciyarki ta bushe, don wannan ne hatsarin da na fi ji miki tsoro. Wanda aka cuta da sunan sadaukarwa yakan rantse ba zai ƙara yi wa kowa alheri ba. Za a kawo miki mai naƙuda da ƙarfe biyun dare bayan kin tashi aiki, ko Bafulatanar da ba ta da mai jinya ba ta kuma jin Hausa sosai, ko yaron da ubansa ya juye aljihu bai kai kuɗin ƙarin ruwa ba. A nan ne za ki ji cikinki ya motsa, kuma abin da kika bayar a lokacin naki ne, ba mai ƙwace miki shi, Matiyu 25 ta ce Almasihu kika yi wa. Ki kuma huta in lokacin hutu ya yi. A Markus 6:31, da almajirai suka rasa ko sukunin cin abinci saboda jama'a, Yesu ne da kansa ya ce su zo gefe su ɗan huta.

Ga abin da nake ba ki shawara ki yi a wannan makon. Ku ma'aikata ku rubuta takarda ɗaya cikin ladabi, ku sa watannin da ake bin ku da adadin kuɗin, kowa ya sa hannu, ku nemi zama da kwamitin asibitin, ku roƙi a nuna muku abin da ke shiga da abin da ke fita. In ba a saurare ku ba ku kai gaba, wurin shugabannin gunduma. Kada ku bar majinyacin da ke kwance ba kowa a kansa yayin da kuke wannan. Yayarki kuwa kada a jira zaman sulhu kafin a fitar da ita. Ki je da wata uwa daga zumuntar mata wadda ake jin maganarta da wani namiji babba daga danginku, ku ɗauko ta da yaran. Ki duba jikinta da idon aikinki, a rubuta raunukan a asibiti da kwanan wata, domin in ta kai ga hukuma za a nema. Bayan ta sami inda za ta kwana lafiya, sai dattawa su kira mijin. In fastonku ya ce ba haka ba, ki nuna masa wannan amsa, ki ce ina roƙonsa ya karanta Afisawa 5 daga aya ta 25 zuwa 29 kafin ku zauna. Ki gaishe mini da ita da yaran.